Kwalbar Ya Fanna

A duk ranakun da na yi a sana'ar turare, akwai wata Alhamis da ta ƙi fita daga kaina, kuma ba na jin za ta fita. Ku sababbin da ake kawo mini in koya wa aiki kun sha tambayar me ya sa nake ɗaga murya da zarar na ga hannu ya nufi kwalbar da ba a san mai ita ba. Na ma ji sunan da kuka sa mini a bayan idona, bai dame ni ba. Ga dalilin nan zan rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, don ni ba na son maimaita magana.

Lokacin ina shekarata ta biyu a wani shagon man turare a Durumi. Mu uku ne. Akwai Madam mai shagon, wadda ta yi aiki a wata ma'aikatar gwamnati kafin ta ajiye ta kama kasuwanci. Akwai ni, Sadiya, mai haɗi. Sai Blessing, 'yar Filato, da ke tasowa daga Mararaba kullum, aikinta wankin kwalabe da cika su da liƙa musu takarda. Haka tsarin yake a duk shago irin namu: sabuwa daga baho take farawa, sai hannunta ya ci sabulu ya ƙoshi kafin a bar ta ta taɓa sirinji. Ni ma ta nan na bi da na gama sakandare.

Ga wanda bai san aikin ba, man turare yana zuwa ne a manyan kwalaben ƙarfe, kowanne da sunansa. Kwastoma za ta ce a haɗa mata kaza da kaza, ko ta zo da ragowar wani mai tsada da aka kawo mata tsaraba ta ce a yi mata irinsa. Sai in ja da sirinji, in ɗiga a ɗan kofin gilashi, in juya, in tsoma siririyar takardar gwaji in miƙa mata ta shaƙa. Wannan shi muke kira mikis. Kalmar Turanci ce, amma a Abuja ta zama ta kowa. Birkila yana mikis ɗin siminti da yashi. Mai kiɗan biki yana mikis. Masu man shafawa na ƙara hasken fata suna nasu mikis ɗin. In ka ce wa mai abinci a bakin titi ta ba ka mikis, ta san shinkafa da wake da taliya kake nufi. Madam ba ta son kalmar, ta ce ta talakawa ce. In kwastoma ta sauko daga mota mai sanyi, "bilen" za mu ce mata, wai shi ne haɗin da ya narke har ba a iya ware wannan daga wancan. Ni dai abin da na sani, sirinjin ɗaya ne, hannun ma ɗaya ne.

Shagon yana da dokoki biyu. Ta farko, samfur kwana yake. Hanci gajiya yake yi kamar ƙafa. In rana ta yi, kin shaƙi wannan kin shaƙi wancan, komai sai ya zame miki abu ɗaya. Don haka duk wanda ya kawo turare a yi masa irinsa, barinsa zai yi, mai haɗi ta shaƙe shi da safe kafin a buɗe kowane mai. Ta biyu, duk kwalbar da ba komai a ciki, in dai tana kan teburin gaba, ta wanki ce. Mutane suna dawo da kwalabensu a sake cika musu, ragowar tsohon turare kuwa ɓata sabo yake. Ana jiƙa ta a sifirit, wato ruwan nan mai kaifi da ke narkar da mai, a wanke da ruwan ɗumi da garin sabulu, a bi ta da ɗan burushi, a kife a rana. Madam ta sha yi wa Blessing faɗa a gaban mutane a kan kwalba ɗaya da ta kai azahar ba a wanke ba. Dokokin nan biyu daidai suke, har yau da su nake aiki. Ku riƙe wannan.

Ranar Laraba da yamma, cikin damina, wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar shago. Doguwa ce siririya, da lafaya wadda wanki ya cinye launinta. Ta cire takalmi a waje, abin da ba wanda yake yi. Ni kuwa ina ta fama da wani haɗi da ya ƙi zama, ko ɗaga kai sosai ban yi ba na ce, "Iya, a yi haƙuri, sai Juma'a."

Ta ce, "Ba bara na zo ba, 'yata."

Hausarta ta mutanen Borno ce. Ta ce sunanta Ya Fanna, a Kuchigoro take zaune, cikin waɗanda rikici ya koro daga gida. Ta kwance bakin lafayarta, ta fito da wani ƙyalle, ta warware shi a hankali. A ciki akwai 'yar kwalba da ba ta wuce babban yatsa ba. In ka gan ta a ƙasa ba za ka ɗauka ba. Babu komai a ciki sai wani baƙin abu da ya daskare a gindi kamar busasshiyar zuma.

Ta buɗe da kanta, ta kawo bakin hancina, ta yi maza ta rufe.

Humra ce, baƙa, haɗin gida. Na ji farce, wato ɓawon wata halittar ruwa da ake soyawa a daka. Na ji sandal, na ji kajiji, na ji miski can nesa. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani abu da ban san shi ba, kamar hayaƙin itace a ɗakin da aka yi ruwan sama a kansa. Na ajiye sirinjin.

Ta ce 'yarta Yagana ce ta haɗa. A garinsu duk mai son humra wurinta yake zuwa. Ranar da garin ya watse Yagana ta tafi kasuwa, ta bar mata jaririya. Ya Fanna ta goya jaririyar, hannunta ya faɗa kan kwalbar nan, ta fita da gudu. Yagana ba a sake ganinta ba, ba a ga gawa ba, babu hoto ko ɗaya. Jaririyar yanzu ta kai kafaɗar kakarta. Duk lokacin da ta tambayi yaya uwarta take, sai a buɗe mata kwalbar a ce, shaƙi, ga uwarki.

"Yanzu kuma tafiya yake yi," in ji ta. "Duk buɗewa sai ya ragu. An ce mini nan kuna yin irin kowane turare."

Na ce, "Iya, ba na yi miki alkawari. Zan dai gwada."

Madam ta fito daga ɗakin ciki, ta roƙa aka buɗe mata ita ma. Ta lumshe ido ta ce, "Kai! Wannan ai shi ne bilen na gaskiya." Sai ta ce a bar kwalbar ta kwana, kamar yadda doka take.

Ya Fanna ta damƙe ta a ƙirji. "Ba ta taɓa kwana a wani wuri ba."

Madam ta yi mata bayanin gajiyar hanci, ni ma na ce gaskiya ne, don gaskiyar ce. Na tambaye ta ko za ta iya kawowa da sassafe ta zauna in shaƙa a gabanta. Ta ce ba hali. Shara take yi a wani rukunin gidaje tun asuba, in ta yi fashi akwai mata da yawa da ke jiran tsintsiyar. Ta daɗe tana kallon kwalbar. Sannan ta naɗe ta, ta sa mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai da nata hannun. Ta ce za ta dawo jibi, Juma'a, in ta tashi daga aiki.

Blessing ba ta ga wannan duka ba, ta tafi kai wa wata kwastoma saƙo, daga can ta wuce gida.

Kafin in tashi na sa tsinken sakace na ɗan taɓo abin da ke gindin kwalbar, kaɗan ƙwarai, na shafa a takardar gwaji, na sa a leda na ɗaure na jefa a jakata. Haka nake yi da kowane samfur mai wuya, don in shaƙa a gida inda iska ba ta da turare. Kwalbar kuwa na naɗe ta a ƙyallenta na ɗora can saman kantar jera kaya, bayan manyan kwalabe.

Alhamis na zo da wuri. Na sauko da ita, na shaƙa sau ɗaya, na yi gwaji uku, babu wanda ya kai. Na mayar da ita sama. Ruwa ake yi tun asuba, kuma duk wanda ya san hanyar Mararaba ya san in an yi ruwa motoci tsayuwa suke. Blessing ba ta iso ba har hantsi. Akwai kwalin sababbin kwalabe da za a karɓo a kasuwar Wuse, aikinta ne, sai Madam ta ce in je.

Abin da ya faru bayan na fita, daga baya na haɗa shi. Wata ƙawar Madam ta zo, Madam ta sauko da kwalbar ta warware don ta ji abin mamaki. Suna cikin haka wata babbar kwastoma ta kira a waya, Madam ta ajiye kwalbar a teburin gaba ta shige ciki da ƙawar tata. Blessing ta shigo a jiƙe, a tsorace saboda latti, tana neman abin da za ta yi a ga tana aiki. Ta ga kwalba babu komai, da datti, a kan teburin gaba.

Na dawo rana ta fito. Na zagaya baya in ajiye kwali, sai na ga kwalbar Ya Fanna a kife a kan faranti cikin sauran, tana walƙiya.

Na ce, "Blessing, wa ya taɓa wannan?"

Ta ɗago tana murmushi. "Ni ne, Sista. Kai, kwalban nan ya ba ni wahala! Dattin ya kama sosai, sai da na sa allura. Ki duba yadda ya fita."

Na ɗauka na shaƙa. Sabulu. Na tambaye ta inda ta zubar da sifirit ɗin, ta nuna mini kwata. Na durƙusa a bakin kwatar nan da kayan jikina, ina shaƙa kamar mahaukaciya. Ruwan sama ya riga ya wuce da komai.

Ban san me na faɗa ba, amma mai gyaran waya na kusa da mu sai da ya leƙo. Madam ta fito, ta ga kwalbar a hannuna, ta dafe kai. Sai ta juya kan Blessing. "Ke wace irin dabba ce? Ba ki da hanci? Ki tattara kayanki yau ɗin nan!"

Na ce, "Madam, kwalba ba ta da ƙafa. A sama na bar ta."

Ta ce, "Sadiya, ki iya bakinki."

Na ce, "Na iya shi, shi ya sa na tsaya a nan."

Ba a sake maganar kora ba. Blessing kuwa har lokacin ba ta san me ta yi ba, tana ta cewa, "Amma yana kan tebur, Madam. Ke kin ce duk wanda yana kan tebur." Da na ba ta labarin, sai ta zauna daɓas a ƙasa cikin ruwan wanki. Ashe su ma da gudu suka bar ƙauyensu tana yarinya. Ta ce, "Na babana ko hula ba mu fita da shi ba." Ta ɗora hannu biyu a ka, ta kasa kuka ma.

Da yamma Madam ta kira ni ciki. Idonta ya yi ja, kada ku ɗauka muguwa ce. Ta ce ga shawara: mu zuba gwajina da ya fi kusa a kwalbar, mu ɗan gasa gindin a wuta ya yi kauri ya yi baƙi, mu naɗe a ƙyallen. "Tsohuwa ce, hancinta ya tafi. Ba za ta gane ba. Taimakonta za mu yi, Sadiya. Me gaskiyar za ta ƙara mata?"

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na iya aikin, da na yi shi da kyau. Amma sai na tuna ba tsohuwar kaɗai ke shaƙa ba. Akwai yarinya da za ta girma tana shaƙar haɗin da na yi da sirinji a Durumi tana cewa uwarta ce. Na ce ba da hannuna ba.

Madam ta ce, "To ke za ki faɗa mata. Ni gobe ba na nan."

Kuma ba ta zo ba.

Juma'a wajen sha ɗaya Ya Fanna ta iso, tsintsiyarta a cikin buhu. Ta cire takalmi a waje. Ta gaishe mu, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa. Ni ban iya kewaye-kewaye ba, kuma ban ga amfanin koyonsa a ranar ba.

Na ce, "Iya, an wanke kwalbarki."

Ta ce, "An yi me?"

"An wanke ta. Kuskure aka yi, an ɗauka ta wanki ce. Babu abin da ya rage a ciki."

Na miƙa mata. Ta buɗe, ta kai hanci, ta ja numfashi. Ta sake ja. Ta juya ta ta leƙa gindin, ta ɗaga ta ga haske ya ratsa ta gaba ɗaya. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar mai gudun ta tashi wani daga barci.

Blessing ta zube a gabanta. "Mama, ni ne. Ni na wanke. Ki yi mini duk abin da kina so."

Ya Fanna ta kama hannuwanta ta juya su. Sifirit ya cinye fatar yatsun, duk sun yi fari sun tsage. Ta ce, "Wanki aka sa ki?"

"E, Mama."

"To kin wanke. Tashi, 'yata, ƙasa da sanyi."

Da zagi ta yi mana, da na fi samun sauƙi. Na shirya wa zagi, na shirya wa tsinuwa ma. Wannan ban shirya masa ba.

Na kawo mata gwajina uku. Ta shaƙi kowanne, ba ta yi gaggawa ba, don kada in ji kunya. Ta ajiye na ƙarshe ta ce, "Da daɗi, sannu da ƙoƙari. Amma wannan 'yar wasu ce."

Sannan na fito da ledar daga jakata. Daren Laraba gajiya ta hana ni buɗe ta a gida, tun da abin ya faru kuma na kasa taɓa ta. Na ɗan kwance bakin na kai mata. Ta shaƙa, Blessing ta turo mata kujera ta zauna. Ta ce, "Yagana." Ta ɗaure ledar da kanta, da sauri, ta ƙara ƙulli a kan ƙulli.

"Wannan zai daɗe?"

Na ce, "A'a. Takarda ba ta riƙewa. Ko ba a buɗe ba, ba zai ga sabon wata ba. In ana buɗewa kuwa, ko mako."

Blessing ta harare ni, wai in sassauta. Me zan sassauta? Matar da aka riga aka yi wa wannan, sai kuma a ƙara mata da ƙarya?

Ya Fanna ta gyaɗa kai. "To sau ɗaya za a buɗe. Ba ni ba, ni na sha rabona. Yarinyar za ta buɗe, in ce mata ta shaƙa da kyau ta ajiye a kanta, don daga wannan babu wani."

Ta naɗe ledar tare da wankakkiyar kwalbar a ƙyallen, ta ɗaure a bakin lafaya kamar yadda ta zo da ita. Na ce ta zaɓi duk turaren da take so a shagon, kyauta. Ta kalli jerin kwalaben har sama, ta ce, "Allah ya ba da kasuwa." Ta sa takalmi ta ɗauki buhunta. Ba ta sake dawowa ba.

Blessing ta ƙarasa shekarar sannan ta bar aikin. Madam ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar mata ba. Amma na yi watanni ina zuwa da sassafe kafin kowa, ina gwadawa daga abin da hancina ya riƙe. Na sayi farce na soya da kaina, na turara kwalba da hayaƙin itace iri-iri. Wata safiya na zauna zan fara, na nemi ƙamshin a kaina, na rasa. Ina tuna akwai hayaƙi, ina tuna akwai ruwan sama, amma kalmomin kawai suka rage. Ni ke nan da hanci ne abincina. To yarinyar fa, da aka ba ta shaƙa ɗaya aka ce ta riƙe har abada? Wannan tambayar ce ba ta barina.

Ga abin da na koya. A sana'ar nan muna cewa muna yin irin kowane turare. Ba gaskiya ba ne, kusa muke yi. Ku kira shi mikis, ku kira shi bilen, ku kira shi haɗi, abin da ke cikin manyan kwalaben can kaɗai muke iya zubawa. Hannun wadda ta daka, da ɗakin da ta ajiye, da shekarun da abin ya yi a bakin lafaya, ba a sayar da su a Wuse. Na kuma koyi cewa ba sai da mugu ake yin ɓarna ba. Mu uku ne a shagon nan, babu wadda ta yi nufin sharri, kuma wadda ta fi kowa bin doka ita ce ta sa allura ta kankare.

Saboda haka na ƙara doka ta uku, tawa ce, ba ta Madam ba. Kwalba ko a shara kika tsince ta, kafin ta ga sifirit ki buɗe, ki shaƙa, ki tambaya ta wace ce. In ba a sani ba, ki ajiye ta har a sani, ko za ta shekara. Ranar da na ga wata a cikinku ta tsallake wannan, za ta ji muryata har bakin titi, kuma kada ta jira in ba ta haƙuri.